Na yi talla don 'yanmata, iyayensu mata ne suka amsa

Lokacin da aka fara allurar HPV a watan Oktoban 2023 Kano na cikin jihohin farko, ni kuma ina aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi. Allura ɗaya ce tak, kyauta, ta 'yanmata masu shekara 9 zuwa 14, tana tare ƙwayar cutar da ke kawo sankarar bakin mahaifa, ita ƙwayar galibi wurin saduwa ake ɗaukarta, shi ya sa ake so a yi wa yarinya tun kafin ta isa aure. Amma wallahi sai mu wuni a zaune, ƙanƙarar kular ajiye allura na narkewa, don jita-jita ta riga mu shiga gidaje wai allurar hana haihuwa ce, irin dai maganar da aka yi kan foliyo a 2003.

Sai na ce bari in gwada talla a Facebook da Instagram da ɗan kuɗina. Kuskurena na farko, na haɗa fosta da Turanci harda kalmomin asibiti, na nufi 'yanmatan kai tsaye. Ashe 'yan ƙasa da 18 ba yadda za ka zaɓo su sai da shekaru da gari kawai, kuma ma yarinya 'yar 12 a unguwarmu ina ta ga waya? In ta taɓa to ta mamarta ce ko ta yayarta. Kuɗin ya tafi, ba wadda ta zo.

Karo na biyu na juya shi kan mata manya a cikin birni, na yi bidiyon minti ɗaya da Hausa, ina sanye da hijabina, ban ce jima'i ba ko sau ɗaya, lafiyar 'ya mace na ce da kariyar mahaifarta, don mu kunya ba abin wasa ba ce, in ka yaye ta an daina saurarenka kenan. Na saka maɓallin WhatsApp a ƙasa.

Nan fa aiki ya same ni. Ƙarfe sha ɗayan dare saƙon murya na shigowa, wata ta ce Malama don Allah tsakaninki da Allah 'yarki za ki yi wa? Na tura mata hoton katin 'yata, na rufe sunan. Bayan kwana biyu sai ga ta da yara uku, ɗaya ma 'yar kishiyarta ce.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yanmatan da ke satar wayar iyayensu su tambaye ni kan al'ada, ƙaiƙayi, ciwon mara, sannan su ce Anti ki goge. Ba na ba da magani ta waya, cewa nake ta zo da mamarta ko yayarta ranar da nake bakin aiki, in kuma tana jin nauyi ni zan fara buɗe wa maman zancen.