Laraba: lissafi da ƙiyasi

Darasi biyu kawai nake da su yau, duka da safe, don haka na zauna a ɗakin malamai har azahar. Malamin Turanci ya shigo riƙe da takardun 'yan aji biyar, ransa ba daɗi. A labarin da ya ba su akwai kalmar reckon, kusan dukkansu sun ce ma'anarta “tsammani”. Ya ce da gaskiyarsu ta wani ɓangaren, domin haka mutanen Ingila da Ostareliya da jihohin kudu na ƙasar Amurka ke amfani da ita a hira, kamar mutum ya ce “ina jin yau za a yi ruwa”. Amma a labarin, matuƙin jirgin ruwa ne yake lissafa inda jirginsa ya kai.

Na ce, “Malam, ashe kalmar tamu ce, ta 'yan lissafi.” Ya ce tun fil azal ma. Tana cikin tsohon Turancin da ake yi kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066, ba kamar calculate da compute ba, waɗanda tushensu Latin ne. Da farko tana nufin a jero abubuwa a ba da bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta zama ƙidaya, ƙidaya ta haifi ƙiyasi, ƙiyasi ya haifi ra'ayi. Jamusawa na da 'yar'uwarta, rechnen, har kwamfuta suna ce mata Rechner. Abin da ya fi taɓa ni shi ne day of reckoning, wato ranar hisabi. Mu ma ai lissafi da hisabi daga kalma ɗaya ta Larabci suka fito.

Ni kuwa hankalina ya tsaya a kan matuƙin nan. Kafin na'urorin tauraron ɗan'adam, in jirgi ya yi nisa a teku ba tudu ba alama, abu uku matuƙi yake riƙewa: gudun jirgi, tsawon lokacin tafiya, da alƙiblar da ya dosa. Gudun ma da igiya ake auna shi. A ɗaure katako a bakinta a jefa ruwa, igiyar tana da ƙulli-ƙulli a tazara ɗaya, wani yana riƙe da agogon yashi, a ƙirga ƙullin da ya wuce ta hannu kafin yashin ya ƙare. Shi ya sa har gobe da “ƙulli” ake faɗin gudun jirgin ruwa a Turance. Wannan dabara ta lissafa inda jirgi ya kai daga abu ukun nan suna kiranta dead reckoning. Da ita Charles Lindbergh ya tuƙa jirgin sama shi kaɗai daga New York zuwa Paris a 1927, tafiyar sama da awa 33. Amsar ba ta fitowa cif-cif, iska da igiyar ruwa suna karkatar da ita, amma ba shaci-faɗi ba ce. Rayuka ne a kanta.

Wannan ne abin da ɗalibaina suka rasa, kuma yana damuna ƙwarai. Yaro zai danna kalkuleta, ya sami cewa mota ta yi kilomita 4,000 a awa ɗaya, ya rubuta ya ja layi biyu a ƙasa. Babu abin da ya tsaya masa a rai ya ce, anya kuwa?

Da la'asar na biya kasuwa sayen masara. Dattijon da nake saye a wurinsa ya kama kunnen wani buhu da aka farke, ya ɗan jijjiga shi, ya ce, “Ɗana, wannan ba zai wuce kwano goma sha bakwai ba.” Yaronsa ya auna a gabana, sha bakwai da ɗan abin da bai kai rabi ba. Na tambaye shi, “Baba, yaya kake yi?” Ya ce ya san nauyin cikakken buhu a hannunsa, sai ya duba inda wuyan ya faɗa ya rage.

Na yanke shawara, daga gobe duk wanda zai taɓa kalkuleta a ajina sai ya fara rubuta ƙiyasinsa a gefen takarda, da dalilinsa. Zan fara da 'yan aji huɗu, darasin gudu da nisa.