Shekarata ta farko bayan jami'a: daga Tawa zuwa rumfar albasa a Yamai

Shekara guda ke nan da na kammala karatun lisansi a fannin tafiyar da harkokin kuɗi da kasuwanci a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Cikin wannan shekara na yi zaman neman aiki, na yi koyon aiki ba albashi, daga bisani kuma na zama mai riƙe wa wani ɗan kasuwar albasa littafin kuɗi a nan Yamai. Ƴan'uwa da abokan karatu kan tambaye ni yadda ake ciki, amsar da nake ba su a waya kuwa ba ta wuce "Alhamdulillahi, ana ta fama", shi ya sa na ga ya dace in zauna in faɗi abin da ke bayan wannan gajeriyar amsa.

Murnar kare kundi ba ta daɗe ba. An ci, an sha, an yi hotuna, tsofaffi sun sa albarka, washegari kuma tambaya ta koma guda ɗaya: yaushe za a fara aiki? Wanda ya tashi a Adar ya san nauyin wannan tambaya, domin a wurinmu saurayi da ya kai shekaruna ya riga ya tafi biɗa Abijan ko Libiya ya dawo, ya gina ɗaki, wataƙila ma ya yi aure. Tsarata da suka bar lakwal tun muna firamare su ne ke aiko da kuɗin hatsi a lokacin da ni nake karɓar kuɗin sabulu a hannun Inna. Babu wanda ya taɓa goranta mini, amma na san cewa takardar da na riƙe ta zo da bashi a bayanta.

Na hau mota zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500 ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, na sauka gidan kawuna a Bukoki. A nan na gane cewa neman aiki shi ma sana'a ce mai cin jari. Kowane dosiye yana buƙatar takardar haihuwa, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da kofen difloma wanda aka buga wa hatimi aka manna tambur, da kuma kaziye, takardar kotu mai nuna cewa mutum ba shi da tabon laifi. Ita wannan ta ƙarshe wata uku kawai take aiki, kuma tawa daga kotun garinmu take fitowa, sai na roƙi ƙanena ya karɓa ya ba direban mota ya kawo mini, kafin a kira ni a wani wuri kuwa ta riga ta mutu. Na yi rajista a ANPE, hukumar ƙasa mai kula da samar da aikin yi, na karɓi katin mai neman aiki, na bi ofisoshi cikin zafin watan Afrilu da ambulan a hammata. Kusan ko'ina sanarwa ɗaya ce, ana son wanda ya yi shekara biyu ko uku yana aiki, amsa kuma ɗaya ce: "Ajiye, za mu kira ka." Kai dosiye a irin waɗannan wurare kamar zuba ruwa ne a rairayi.

Yawancin abokaina sun zaɓi su nemi aikin bautar ƙasa, su yi shekara biyu a wata ma'aikata, da fatan wata rana za a buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata su samu lambar aikin gwamnati. Ban ga laifinsu ba, domin albashin da ke zuwa kowane wata da fansho a ƙarshe ba abin rainawa ba ne a ƙasar da damina ɗaya kan iya karya gida. Sai dai ina ganin an raine mu da tunanin cewa aiki ba ya amsa sunansa sai da tebur da hatimi, alhali kuwa gwamnati ba za ta iya ɗaukar dukan waɗanda jami'o'in Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram da sauransu suke yayewa kowace shekara ba.

Ta hanyar wani abokin kawu na samu sitaj, wato koyon aiki, a wani ƙaramin ofishin akantoci, inda ake ba ni kuɗin faba-faba, wato motar haya ta cikin gari, kawai. Can na fara ganin SYSCOHADA, tsarin lissafin kuɗin kamfanoni da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, wanda aka sabunta aka fara aiki da shi a 2018, yana motsi a kan rasit na gaske maimakon allo, na koyi fitar da TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, na kashi 19 cikin ɗari, na kuma saba da kwamfuta har yatsuna suka daina neman haruffa. A wannan ofis ne wani Alhaji, mutumin wajen Galmi, ya zo da buhun leda cike da takardu yana neman wanda zai tsara masa su, saboda banki ya ce ba zai ba shi lamuni ba sai ya ga lissafin shekara. Da ya ji harshena ya gane ɗan Adar ne, sai ya ce wa maigidan ofis ya ba shi aron yaron nan. Aron ne ya zama aiki.

Alhaji bai taɓa shiga aji ba, amma yana loda manyan motoci na albasa zuwa Gana da Kodebuwa, kuma duk lissafin yana cikin kansa da wani ƙaramin littafi da yake rubutawa da ajami. Da jika da dala yake ƙirga kuɗi, kafin in buɗe na'urar lissafi ya riga ya faɗi jimilla. Ciniki kuwa da saƙon murya na WhatsApp ake ƙulla shi: dillali a Tsarnawa ya faɗi farashin buhu da asuba, direba ya kira daga hanya, mai saye a Kumasi ya ce zai biya idan kaya sun fita. Aikina na farko shi ne in zauna da wayarsa ina sauraron waɗannan muryoyi ɗaya bayan ɗaya, ina mayar da su layuka masu kwanan wata.

Wata rana ya tsaya a kaina yana kallon allon kwamfuta, ya ce, "Kai ɗan lakwal, idan na ba mutum buhu ɗari biyu a kan magana, a ina kake rubuta maganar?"

Na ce, "Alhaji, a gidan bashin abokan ciniki nake sa ta, lamba 411."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "To, ita 411 ɗin ta san uban mutumin?"

Tambayar ba wasa ba ce, domin shi ya san wanda ya yi ciniki da mahaifinsa, ya san wanda ke jinkiri amma ba ya cin amana, ya kuma san wanda bakinsa ke da zaƙi aljihunsa babu komai. Haka abin yake game da kaya. A aji an koya mana cewa hajar da ke ajiye tana iya rage daraja, a cire mata wani kaso a littafi. Shi kuwa yakan shiga rumfa ya ɗauki albasa guda, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya shinshina, ya ce wannan ba za ta kai damina ba, a fitar da ita cikin makon nan. Ribar sana'ar gaba ɗaya tana tsakanin lokacin girbi, wajen Maris da Afrilu, sa'ad da albasa ke cika kasuwa ta faɗi warwas, da watannin baya da take tsada, kuma wanda ya ajiye a rudu, wato rumbun albasa, yana caca ne da ruɓa da raguwar nauyi. Ga kuma hanya: tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa sun koma bi ta Burkina Faso, kwanakin tafiya sun ƙaru, albasa kuwa ba ta jiran kowa.

Duk da haka ba zan yarda da masu cewa karatun boko bai tsinana mana komai ba. Da na haɗa lissafin watanni, na nuna wa Alhaji cewa wani mai saye da yake yabo kullum yana riƙe kuɗinsa tsawon lokacin da ribar ke narkewa a kuɗin mota da na ajiya. Ya yi shiru, ya sa na sake karanta masa, bai ce na yi daidai ba, amma lodin da ya biyo baya sai da aka ba da rabin kuɗi kafin mota ta tashi. Akwai kuma abin da ba a so a faɗa a gabansa: dukiyar da ke cikin kan mutum ɗaya tana tafiya tare da shi, kuma a garuruwanmu mun ga gidajen da suka watse saboda magada ba su san wanda ake bi da wanda ke bi ba.

Albashina ya ɗara mafi ƙarancin albashi na jika 42, wato sefa dubu 42, da aka tsayar a farkon 2024, amma ba nawa ne ni kaɗai ba. Ranar da ya shigo nakan tsaya a Nita, kamfanin aika kuɗi, in aika wa Inna nata, in biya wa ƙanwata kuɗin makaranta, in sa hannu a cefanen gidan kawu, abin da ya rage shi ne na mota da na kati. Da Layya na haɗa kuɗi da yayana muka saya wa Baba rago, wanda shi ne karo na farko da aka sa sunana cikin masu saye.

Yanzu ina ƙoƙarin shawo kan Alhaji ya yi mana rajista a CNSS, asusun fansho da kula da ma'aikata, ni da magatakardan sito da direbobi biyu, ya ce zai duba bayan an sayar da kayan ajiya. Ina kuma son in shiga karatun masta na yamma, sai dai ya riga ya sanar da ni cewa idan girbi ya zo zan tafi Galmi in zauna wajen awo, in rubuta kowane buhu tun daga gona, saboda haka rajistar za ta jira sai na dawo.