Naman da beyar ta ƙwace mana a dajin Montana

Har yau in na tuna safiyar nan sai gabana ya faɗi. A watan Oktoba ne ni da maƙwabcina, wani dattijo Ba'amurke da ya goge a farauta, muka shiga duwatsun Gallatin a jihar Montana ta Amurka, arewa da gandun dajin Yellowstone, neman babbar barewar nan da suke kira elk. Dab da magariba Allah ya ba mu sa'a. Na yi maza na yanka ta, muka feɗe.

Ya ce mu janye naman nesa da kayan ciki, mu rataye shi a bishiya, aƙalla mita 3 daga ƙasa. Ni kuwa sanyi ya ratsa ni har ƙashi, ga duhu. Na dinga yi masa magiya mu bari sai da safe, har ya biye mini. Aikin da bai fi na awa ɗaya ba!

Da gari ya waye muka tarar an ja naman gefe, an tula masa ƙasa da rassan itace. Haka girizli, babbar beyar ta yankin, take ajiyar abincinta, kuma ba ta yin nisa da shi. Dattijon ya damƙe hannuna. Can na hango ta, kamar mita 30, da tozo a kafaɗa irin na bijimi, tana huci tana kaɗa haƙora. Gwangwanina na feshin barkono, wanda ake korar beyar da shi, kuwa yana can ƙasan jaka, ƙarƙashin kwanon abinci. Nasa tuni yana hannu. Muka rinƙa ja da baya sannu-sannu, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ni ina ta salati a zuci. Gudu ba shi da amfani ga dabbar da ke iya kilomita 55 a awa.

A wannan lokaci na shekara ba ta da aiki sai ci, tana tara kitse kafin ta shiga rami ta kwashe watanni tana barci, ga hancinta yana jiyo warin kayan ciki daga nesa. Duk na sani, an faɗa mini. Harbinta kuma haramun ne a dokar yankin tun 1975, sai dai don kare rai.

Yanzu a ƙirji nake ɗaure feshin, igiyar rataya kuma ita nake fara sawa a jaka. Naman da zai ishe gidajenmu biyu har ƙarshen hunturu muka bar mata, kuma dattijon nan bai ce mini ko uffan ba har muka iso gida.