Godiya ga jama'armu ta Bronx kan kayan hunturun matasa

Assalamu alaikum. Kwamitin da ya tattara kayan hunturu yana miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu, tun daga makon bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba har shigowar sabuwar shekara. An kammala rabo, kaya sun isa hannun matasan da suka fito daga riƙon hukuma ko suka rasa matsuguni, ta cibiyoyin da ke karɓarsu a nan New York. Allah ya saka da alheri, ya mayar muku da ninkin ba ninkin.

Iyayenmu mata da dama sun tambaya: wai yaro mai shekara 19, da ƙafarsa da hannunsa, ina danginsa? Tambayar tana kan hanya, domin a gida ɗan riƙo ba shi da ranar sallama. Gwaggon da ta riƙe shi ita za ta yi masa aure, ɗakinta kuma ɗakinsa ne har tsufa. A Amurka hukuma ce ke riƙon, tana biyan wani gida ya ajiye yaron, riƙon kuma yana da wa'adi. Asali shekara 18 ne. Dokar tarayya ta 2008 ta ba jihohi damar kaiwa 21, kuma a jihar New York ana iya zama har 21 ɗin. Ranar da wa'adi ya cika, kuɗin ya tsaya. Kusan matasa 20,000 ne ke fita a haka duk shekara a faɗin Amurka. Binciken cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Chicago na 2017 ya nuna cewa ɗaya cikin 10 na masu shekara 18 zuwa 25 yakan rasa matsuguni a wani lokaci cikin shekara, har da masu raɓe-raɓe a falon abokai. Ga wanda ya samu shiga jami'a ma Disamba wata ne mai wuya, don makarantu da yawa kan rufe ɗakunan kwana a hutun hunturu, kowa ya tafi gidansu.

Babbar godiyarmu ta tafi ga waɗanda suka karanta jerin da aka fitar suka sayo abin da ke ciki, ba abin da ya yi musu yawa a ɗaki ba. Kowace jaka ta ƙunshi safa sabuwa ƙafa 3, hular sanyi, safar hannu, kamfai sabo a cikin ledarsa, buroshi da man goge baki, sabulu, man shafawa, batirin cajin waya da igiyarsa, sai katin sayayya na dala 25. Jakunkunan 'yan mata an ƙara musu audugar mata fakiti 2.

Maganar safa tana buƙatar bayani, saboda bana ma an kawo ta auduga da yawa. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi. Wanda ya wuni a tashar jirgin ƙasa da takalmi ɗaya, babu inda zai shanya, ƙafarsa na cikin danshi har dare, daga nan sai tsagewa da ciwo. Ta ulu ko ta haɗin ulu ita ce ke riƙe ɗumi ko da ta jiƙe. Ta fi tsada, amma ƙafa ɗaya ta ulu ta fi biyar na auduga amfani. Direbobin tasi da suka haɗa kuɗi suka sayo ta a sari, mun gode, Allah ya tsare hanya.

Ita kanta jakar ba ƙaramin abu ba ce. Yaran riƙo a ƙasar nan an san su da ƙaura daga gida zuwa gida da kayansu a baƙar ledar shara. Shi ya sa muka nace a kan jakar goyo mai ƙwarin zif, marar rubutu, marar tambarin kowa. Wani bawan Allah ya so a buga sunan jama'armu a jiki. Niyyarsa mai kyau ce, amma ba wanda ke son yawo da shaidar sadaka a bayansa. Dalilin ke nan kuma ba a ɗauki hoton kowa ba. Masu neman hoto don su tura gida, a yi haƙuri.

Hajiyoyinmu masu kitso sun kawo abin da babu wanda ya tuna: man kaɗanya a ƙananan gwangwanaye, matsefi mai faɗin haƙora da ɗankwalin kwana. Yawancin matasan nan baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, kayan gashin da aka saba bayarwa sadaka kuwa ba na irin gashinsu ba ne. Waɗannan ne suka fara ƙarewa.

Ga inda aka samu tangarɗa, don kada a maimaita. Rigunan sanyi da yawa na ƙananan yara ne, domin mutum na jin "yara" sai ya tuna ɗan shekara 8. Waɗannan samari ne da 'yan mata, girman manya ake buƙata, musamman manyan lambobi, tunda a kan riguna biyu ko uku ake ɗorawa. Abin da aka taɓa sawa a wanke shi, a duba zif da aljihu. Kamfai da safa kuwa sai sababbi. An kawo buhunan shinkafa da taliya, alhali wanda ba shi da murhu ba abin da zai yi da ɗanyen abinci, sai muka juya su ga masu iyali. Gwangwani ma sai mai zoben da ake ja da yatsa. Katunan sayayya kaɗan sun fito babu ko sisi a ciki, ko dai ba a kunna su wurin biya ba, ko ɓarayi sun kwafi lambar tun suna rataye a kanti. A duba bayan kati kafin a saya, a kuma haɗo da rasit.

Sai girki. Masu dafa-duka da waina sun yi ƙoƙari, kuma mun san ba a son a mayar wa mace da tukunyarta. Sai dai ba kowace cibiya ke karɓar girkin gida ba, dole a tambaya tukuna. Inda aka karɓa, abinci mai zafi sai ya zauna a maki 60 na Selsiyos ko sama, kada kuma ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli gyaɗa ce, a nan kuwa akwai waɗanda ɗan kaɗan ɗinta ke toshe wa numfashi. Duk kwanon da ke da ita a rubuta a murfinsa da Turanci.

Mun gode wa Malam da ya ba da minti biyar bayan Juma'a, ya kuma amsa wa masu shakkar bayarwa a lokacin Kirsimeti cewa sadaka ga mabuƙaci ba ta da wata. Mun gode wa ɗalibai da suka zauna da matasan suna cike takardu. Wannan aikin ba ya shiga jaka, amma ya fi daɗewa. Da yawansu ba su san cewa wanda ya cika 18 yana hannun hukuma yana da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, har shekara 26 ba, ko cewa akwai tallafin karatu da ya kai dala 5,000 a shekara a ƙarƙashin shirin Chafee na gwamnatin tarayya. Katin shaida na birni, IDNYC, kyauta ne. Takardar haihuwa da katin Social Security, mai ɗauke da lambar da gwamnati ke tantance mutum da ita, kuwa su ne ƙofar aiki da haya, kuma su ne ke fara ɓata idan mutum na yawan sauya wurin kwana, don haka muka sa ambulan roba a kowace jaka.

Janairu da Fabrairu sun fi Disamba sanyi, a lokacin kuma masu bayarwa sun watse. Za mu ci gaba da karɓar safar ulu, rigunan manya da kuɗin jirgin ƙasa bayan kowace Juma'a har ƙarshen Fabrairu. Wanda ya ga matashi a waje cikin dare ya kira 311, lambar neman taimakon hukumar birni. Idan sanyi ya kai maki sifili na Selsiyos, birni kan ayyana abin da ake kira Code Blue, kuma a irin wannan daren ba a mayar da mai neman wurin kwana.