Ɗan littafin aljihun maƙwabcina a Alƙahira

Sai da na shekara uku a Alƙahira ina karatu a Azhar kafin na yarda cewa ban iya sayen tumatir da Larabci ba. Nahawu kam na sha shi tun a gida, in ka ba ni baiti sai in yi maka li'irabinsa kalma-kalma ba gargada. Amma ranar da na tsaya gaban mai kayan miya na zuba masa Larabcin littafi, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sadaƙallahul azim, ya maulana." Na gefe suka kwashe da dariya. Daga ranar na koma nuni da yatsa. In nuna, in miƙa kuɗi, in karɓi canji, in wuce.

Wanda ya tona mini asirin kaina wani ɗalibi ne Ba'amurke da ya kama ɗaki a benen da muke haya a Abbasiyya cikin 2016. Shekara ɗaya ya zo yi don koyon Larabci. Irinsu sun fi zama a Zamalik, shi kuwa ya ce yana neman inda ba mai yi masa Turanci. Mai gadin gidan, wanda Misirawa ke kira bawwab, ya laƙaba masa "hawaga", wato Bature, sunan kuma ya bi shi.

Larabcinsa abin tausayi ne. Mace ya mayar da ita namiji, harafin ainun kuwa ya ƙi fita daga maƙogwaronsa ko ta halin ƙaƙa. Sai dai yana da wani ɗan littafi da bai kai tafin hannu ba, kullum yana aljihun bayan wandonsa har ya lanƙwashe. Wata safiya muna tsaye a keken mai dafaffen wake, ful ke nan, ya nemi burodi da sunan da ke cikin littafi, "hubz". Mai waken ya yi dariya ya ɗaga gurasa ya ce, "Aish!" Da ni ne da na sunkuyar da kai. Shi sai ya taya mutumin dariya, ya zaro littafin, ya sa shi maimaitawa sau biyu, ya rubuta da hannun da ke naso da mai. Ya juyo ya tambaye ni, "Ya ustaz, ba wannan kalmar ce rayuwa ba?" Ita ce mana. Na san ta a waƙoƙin Jahiliyya, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin me ya sa mutanen nan ke kiran gurasarsu rayuwa ba, alhali kullum ina ci.

Haka ya riƙa tsintar harshen a titi. Ya gane jimun ɗinsu "ga" ce, ƙaf kuma haɗiye ta suke, shi ya sa gahawa da wurin shanta duk "ahwa" ne. Ya koyi alamun hannu da ake tsayar da ƙananan motocin haya da su, da yadda kuɗin mota ke bin hannu-hannu daga kujerar baya har zuwa direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi. Wata shida kacal, ga shi yana ciniki da tsohuwar da ke zuro kwando da igiya daga hawa na huɗu.

Ga shi da ƙafar yawo. Hutun mako a Masar Juma'a da Asabar ne, don haka da yammacin Alhamis sai ka gan shi da jakar goyo ya nufi tashar jirgin ƙasa ta Ramsis. Wannan makon Iskandariyya, wani makon ya kwana a jirgi zuwa Aswan, har Siwa ya je can kusa da iyakar Libiya, ya dawo yana ba ni labarin mutanen da ke da harshensu daban da Larabci. Shi ya ja ni masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, muka hau hasumiyarsa mai matakala ta waje. Ina can sama ina kallon birnin kunya ta kama ni. Wanda ba Musulmi ba ne ke nuna wa ɗalibin Azhar masallaci, a garin da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa fam ɗaya ne a lokacin. Ni iyakata aji, masallacin Husaini, sai gidan 'yan ƙasarmu inda ake tuƙa tuwo ranar Juma'a.

Amma kar in cika yabo. Ba duka ƙarfin hali ba ne, akwai fasfo akwai dala. A Nuwamban 2016 da aka saki darajar fam, dalar da ba ta kai fam 9 a banki ba ta ninka cikin 'yan makonni. Shi ya wayi gari mai kuɗi, mu da ake aiko wa naira, wadda ita ma tana ta zubewa a shekarar, muka koma lissafin gurasa. A shingen bincike a kan hanya, shi murmushi ake yi masa, ni a juya takardar zamana gaba da baya. Kuskuren Bature abin sha'awa ne a wurin mutane, nawa kuwa sau da yawa abin ba'a ne. Na faɗa masa haka, ya yi shiru, bai musa ba.

Akwai kuma abin da littafinsa bai ɗauka ba. Da mahaifiyar mai gadinmu ta rasu, cewa ya yi zai bar mutumin ya huta da baƙin cikinsa. Na ce, "Tashi mu je, ba a haka." Muka zauna a rumfar makoki muna sauraren karatun alaramma, aka ba mu gahawa ba sukari. Na koya masa ya ce "al-baƙiyya fi hayatak". Ita kaɗai ce maganar titi da na riga shi sani, don gaisuwar mutuwa ba a yin ta da nuni da yatsa.

Bayan ya tafi na sayi irin littafin nan. Da shi a aljihu na koma wurin mai kayan miyan da ya taɓa kunyata ni, na nuna tumatir na ce ya faɗa mini yadda suke kiransa. Ya ce "uɗa". Na rubuta, na maimaita, na tambayi kuɗin kilo. Ya sake yin dariya, wannan karon wai lafazina na 'yan Sudan ne, sannan ya ƙara mini guda biyu a leda.