Zaɓen Gidan Abinci Don Daren Farin Ciki: A Fara da Kunne

Idan wani abin farin ciki ya samu, kamar ƙarin girma a wurin aiki, ko kammala karatun wani ɗan uwa, ko zagayowar ranar aure, har aka yanke shawarar fita cin abincin dare a cikin gari, tambayar da aka saba farawa da ita ita ce wane gida ne ya fi iya girki. Ni a wurina wannan tambaya ta biyu ce. Abin da mai gayya yake biya wa kuɗi a irin wannan dare shi ne sa'o'i biyu ko uku na zama cikin natsuwa da mutanen da yake ƙauna, su yi hira, su ji muryar juna, ba wanda yake korarsu, ba kuma wanda gabansa yake faɗuwa saboda lissafin da zai zo a ƙarshe. Abinci mai daɗi sharaɗi ne, amma gidajen da suka iya girki suna da yawa a kowane babban birni, waɗanda suka iya saukar baƙo kuwa ba su kai haka ba.

Wannan ne ya sa na fi karkata ga gidajen abinci masu matsakaicin farashi. Gida mai tsananin tsada yakan sa mutane ɗari-ɗari: baƙo ya buɗe jerin abinci, idonsa ya fara sauka a kan farashi, sai kunya da kara su sa ya zaɓi mafi araha ko da ransa bai kwanta da shi ba, ya ƙare daren yana lissafa wa mai gayya asara. Gida mai arha sosai kuma an gina kasuwancinsa ne a kan sauri, domin ribarsa tana cikin yawan mutanen da suka zauna a kujera ɗaya a dare guda. A tsakanin waɗannan biyu ake samun daidai ruwa daidai tsaki. Hatta littafin Michelin, wanda kamfanin taya na Faransa ya fara bugawa a 1900 don amfanin direbobi, ya kuma fara bai wa gidajen abinci taurari a 1926, sai da ya ga buƙatar ware wa wannan rukuni lambarsa ta daban. A 1997 ya fito da Bib Gourmand, wadda ake bai wa gidajen da suke girki mai kyau a farashin da bai wuce kima ba.

Abin da ya fi ɓata irin wannan dare, wanda kuma aka fi mantawa da shi wajen zaɓe, shi ne hayaniya. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma hirar mutum biyu ta yau da kullum tana kaiwa kimanin 60. Duk ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. A Amurka, masana lafiyar ma'aikata sun sa 85 a matsayin iyakar da bai kamata a wuce ba ga wanda zai yi sa'o'i 8 a wuri, kuma gidan abincin da ya cika maƙil, ga kiɗa yana tashi, yana iya kusantar wannan iyaka. Akwai dalilin da ya sa abin yake ta'azzara da kansa. A 1911 wani likitan kunne da maƙogwaro ɗan Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan hayaniya ta kewaye shi. To idan teburi ɗaya ya ɗaga murya, na kusa da shi ma dole ya ɗaga, kafin a ankara ɗakin gaba ɗaya ya koma ihu. Ginin ma yana da hannu a ciki. Tayil, gilashi, siminti tsirara da kujerun ƙarfe suna mayar da sauti, yayin da labule, kafet, kyallen teburi da kujeru masu katifa suke shanye shi. Yawancin adon zamani da yake kyau a hoto na kashin farko ne. Wanda wannan ya fi cuta shi ne dattijon da jinsa ya fara raguwa, wanda sau da yawa dominsa aka yi taron, sai ka gan shi yana murmushi yana gyaɗa kai alhali rabin maganar ta wuce shi.

Babu hoton intanet da zai nuna wannan, don haka gani ya kori ji. Shawarata ita ce a leƙa wurin kafin ranar, a irin ranar mako da irin sa'ar da za a je, domin gidan da yake shiru ranar Talata da yamma yana iya zama wani abu daban daren Asabar. A zauna a sha wani abu kaɗan, a kalli masu cin abinci. Idan suna jingine da kujerunsu suna hira, wurin ya yi. Idan kuwa kowa ya miƙo wuya tsakiyar teburi, wani ya kafa tafin hannu a bayan kunne, ma'aikaci kuma sai ya sunkuya kafin ya ji abin da ake so, to an sami amsa. A wannan zaman ne kuma za a ga yadda ma'aikata suke aiki: ko suna lura da teburin da ruwansa ya ƙare ba sai an ɗaga hannu ba, ko kuma suna janye faranti tun wani bai ajiye cokali ba.

Jerin abincin ma yana magana. Ina ɗan jin tsoron gidan da jerinsa ya kai shafuka masu yawa, ya haɗa girkin ƙasashe daban-daban, domin kicin ɗaya ba zai iya ajiye sabon kayan haɗi na wannan duka ba sai ya dogara da injin daskarewa. Gajeren jeri mai ɗan bambanci, wanda mai cin nama da wanda ba ya ci, da yaro da babba, kowa zai sami nasa, ya fi kwantar mini da hankali. A kuma yi lissafi tun daga gida, a yi shi cikakke. Farashin babban abinci ɓangare ne kawai, akwai abin sha, da abin buɗe baki, da kayan zaƙi, sannan a wurare da dama akwai haraji da kuɗin hidima da ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙasan shafi. Gidan da ya dace shi ne wanda mai gayya zai iya ce wa baƙinsa kowa ya zaɓi abin da ransa yake so, kuma ya faɗe ta har zuciya.

Tsafta ba ta buƙatar doguwar muhawara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu suna rasa rayukansu. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selshiyas, shi ya sa abincin da aka jera yana jiran mai ɗiba, ba zafi ba sanyi, yake buƙatar a yi hattara da shi. Wasu wurare sun sauƙaƙa wa mai saye: birnin New York yana tilasta liƙa sakamakon binciken tsafta da haruffan A, B ko C tun 2010, Ingila kuma tana ba da maki daga 0 zuwa 5. Inda babu irin wannan tsari, a duba banɗaki, a duba bakin kofi da tsakanin haƙoran cokali mai yatsu.

Ra'ayoyin da mutane suke rubutawa a Google Maps ko TripAdvisor suna da amfani, amma a karanta su da lura, domin akwai kuɗi a bayansu. Binciken da Michael Luca na jami'ar Harvard ya fitar a 2011 ya nuna cewa ƙarin tauraro ɗaya a shafin Yelp, inda masu saye suke ba da maki da taurari, yana ƙara wa gidan abinci mai zaman kansa kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari na kuɗin shiga. Inda riba ta kai haka dole a sami masu sayen yabo, har ta kai hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa dokar hana ra'ayoyin bogi a 2024. Ni nakan tsallake masu yabo ba iyaka da masu zagi ba iyaka, in nemi na tsakiya, na watannin baya-bayan nan, domin su ne suke faɗin abu takamaimai, kamar tsawon jira ko sanyin ɗaki. Hotunan da masu ci suka ɗauka da wayoyinsu ma sun fi na gidan gaskiya, musamman wajen nuna tazarar da ke tsakanin tebura.

Idan an tsayar da wuri, a kira su da baki, kada a tsaya a kan cike fom kawai. A faɗi yawan mutane da dalilin taron, a tambaya ko teburin yana da ƙayyadadden lokaci, domin wasu gidajen suna ba da sa'a ɗaya da rabi ko biyu ne kawai a daren da suke da cunkoso. A roƙi teburin kusurwa, nesa da ƙofar kicin, da lasifika, da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Idan mutanen sun kai shida, zagayayyen teburi ya fi dogo, saboda a dogon teburi hira takan rabu biyu. A sanar da su idan akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci, ko wanda addininsa ya hana shi, ko wanda hawa bene yake yi masa wuya. A ƙarshe a shirya da su cewa kada a kawo takardar kuɗi kan teburi, mai gayya zai tashi ya biya a gefe. Yadda wanda ya ɗauki wayar ya amsa waɗannan tambayoyi, ko ya rubuta su ko ya yi ta cewa ba matsala don a sauke, yakan nuna irin tarbar da za a samu a daren.