Godiya bayan baftismar ranar Lahadi

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Kwamitin ajin baftisma na ikilisiyarmu da ke Asawase a Kumasi yana gode wa duk wanda ya sa hannu har hidimar ta ƙare lafiya.

Baba Fasto da dattawa, Allah ya ƙara ƙarfi. Iyayenmu na zumuntar mata, sannunku da girki, wake da shinkafar nan ta ishi kowa har da ragowa. Maƙwabtanmu Musulmi da suka ara mana rumfa da benci, Allah ya bar zumunci.

Malaman aji kuwa sai mun ɗan daɗe a kanku, domin aikinku ba a ganinsa daga kujera. 'Yan ajin daga Bawku, Bolga, Wa da Nijar suke, Hausa ce ta haɗa su kamar yadda take haɗa mutane a kasuwar Kejetia. Amma Hausar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fara fitowa cikakke a 1932, ba ita ce ta zango ba, dole a karanta aya da ƙarfi, a sake faɗinta da bakin gida, kana a nemi ɗan aji ya maimaita da nasa kalmomin.

Wurin shaida ne kuka fi shan wuya. Kashi 3 ce, cikin minti 3: yadda mutum yake a dā, abin da ya same shi, abin da ya canza. Matsala biyu ke yawan tasowa. Wani yakan ari shaidar da ya ji a bakin wani don yana ganin tasa ba ta da armashi. Wani kuma yakan ɓata gidan iyayensa don labarin ya yi daɗi. Duka biyun kun hana, kuma kun yi daidai. Dakon kaya a kasuwa, rasuwar ɗa, baƙunci a kudu, duk cikinsu ne bangaskiyar ta tsiro, ba a tsallake su. Abin da ya yi nauyi a faɗa gaban taro, a faɗa wa dattijo a keɓe.

Sai batun suna. Da yawa suna zaton dole a canza, alhali a Ayyukan Manzanni 13:9 Shawulu da Bulus sunayen mutum ɗaya ne a lokaci guda. Mai son ƙarin suna ya ƙara, amma a takardar baftisma sunan da ke kan Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ake fara rubutawa. In sun saɓa, rigimar takan fito ranar ɗaurin aure, kuma canjin suna a hukumance sai da takardar rantsuwa da bugawa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati.

Matasan da suka ɗebo ruwa, madalla. Ya wuce ƙugu kamar yadda ake so. In ya gaza haka, ɗago babban mutum yakan karya bayan mai baftisma, shi ya sa muke sa mataimaki a cikin ruwan. Mun gode wa uwar da ta tuna wa kowa sa baƙin tufafi a ciki, farin yadi in ya jiƙe ba ya rufe jiki.

Takardu za su fito Lahadi mai zuwa bayan sujada, kowa ya zo da katinsa. Akwai tawul 2 da zane da aka manta, suna hannun shugabar zumuntar mata.